KARATUN DA BA YA ƘETARE ƘOFAR AJI

Jama'a, mun sha yin magana a wannan fili a kan makarantun da iska ta yaye wa rufi, da yaran da ke zaune a ƙasa don rashin benci, da malaman da albashinsu ke makara. Ba mu janye ko ɗaya daga cikin maganganun nan ba. Amma yau muna so mu shiga cikin ajin kansa, mu duba abin da ke wucewa tsakanin malami da yaro tun daga buga ƙararrawar safe har zuwa tashi, gama ko an yi wa kowace makaranta rufin kwano sabo fil, in abin da a ke koyarwa a ƙarƙashinsa bai gyaru ba, an yi aikin baban giwa.

Duk mai ɗa ko 'ya a aji uku na ƙaramar sakandare, muna roƙonsa ya yi wannan gwaji a gida. Ya tambayi yaron yadda a ke gane faɗin fili. Zai amsa nan take cewa tsawo sau faɗi, domin ya haddace. To, sai ya miƙa masa tef ɗin awo, ya kai shi bakin gona ko wani kangon fili wanda gefensa huɗu ba daidai su ke ba, ya ce ya auna ya faɗi ko mita nawa ne, da kuma buhun taki nawa zai ci. In yaron ya yi, to, uban ya tashi takanas ya je ya gode wa malaminsa. Amma mun sani, ku ma kun sani, yawancin yaranmu a nan za su tsaya suna sosa ƙeya, alhali kuwa ba daƙiƙai ba ne. Yaron nan shi ne wanda in aka zaunar da shi a shagon ubansa ba ya kuskuren canji ko na naira ɗaya. Abin da ya faru shi ne an raba masa duniya biyu: lissafin makaranta dabam, lissafin rayuwa dabam, kuma ba wanda ya taɓa nuna masa abu ɗaya ne.

MAGANI BIYU DA BA SU WARKARWA

Da zarar an ta da wannan magana sai ka ji mutane sun rabu kashi biyu. Kashi na farko su ce karatun ya yi wa yara nauyi, a sassauta, a rage, a bar kowa ya wuce aji na gaba don kada iyaye su yi fushi. Kashi na biyu su ce boko ya daina ci, a koya wa yara ɗinki da walda da gyaran waya su sami abin sa wa a baka. Mu ba mu yarda da na farko ba ko kaɗan, na biyu kuma mun yarda da rabinsa kawai.

Sassauta karatu ba tausayi ba ne, cuta ce da aka shafa wa zuma. Wanda ya wuce da yaro aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, ya sace masa shekara shida, kuma ranar da zai gane an yi masa sata ba a iya mayar masa. Sana'a kuwa abin girmamawa ce, ba mai raina ta sai wawa. Amma ku lura da masu yawan cewa a koya wa yara sana'a a bar lissafi mai zurfi, ku tambaya ina nasu 'ya'yan su ke karatu. Za ku tarar suna makarantun da a ke koyar da kimiyya da lissafi har iyakar ƙarfin yaro. Ashe ke nan ana so a ce wuya ta 'ya'yan manya ce, sauƙi na 'ya'yan talakawa, don gobe wannan ya zana gada wancan ya ɗauki kwanon siminti. Ba mu yarda ba.

Abin da mu ke cewa shi ne karatu ya yi wuya, ya kuma yi amfani, a darasi ɗaya, a aji ɗaya, ga yaro ɗaya. Biyun nan ba kishiyoyi ba ne. Hasali ma tambayar da aka ɗauko daga gona ko kasuwa ta fi ta littafi wuya, gama ta littafi an riga an tauna wa yaro ita, ta kasuwa kuwa sai ya nemo alƙaluman da kansa, ya zaɓi hanyar da zai bi, sa'an nan in ya yi kuskure a ga kuskuren da ido.

BA YAU AKA FARA BA

Kada wani ya ce mun zo da sabon abu. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen 'ya'yan sarakuna, da na malamai, da kuma na sana'a inda a ke koyon sassaƙa da ƙira da dukanci. Tun a nan aka soma raba hanya. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, kowa ya ga inda girma da albashi su ke, watau wurin mai alƙalami. A 1925 Gwamnatin Ingila ta fitar da takardar manufa cewa a daidaita ilmin ƙasashen Afirka da ke hannunta da sana'o'i da al'adun mutanen wurin. Maganar a baki tana da daɗi, amma mutane da yawa suka ɗauke ta dabarar hana su ilmi mai zurfi, kuma ba za mu ga laifinsu ba, gama sun ga akawu yana hawa keke, mai koyon noma a makaranta yana komawa ga fartanya.

Bayan samun mulkin kai aka yi babban taro a Ikko a 1969 don a sake manhajar makarantu ta dace da bukatun ƙasa. Daga nan aka sami manufar ilmi ta ƙasa a 1977, aka soma aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982. Niyyar ita ce kowane yaro a shekara ukun farko ta sakandare ya taɓa katako da ƙarfe da wayar lantarki da hannunsa. Aka kashe kuɗi masu yawa aka sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangare. Ina su ke yau? Manya a cikinmu sun gan su da idonsu a makarantu da yawa, jibge cikin akwatunansu, ba ɗakin da za a kafa su, ba wutar da za ta juya su, ba malamin da ya san kansu, har tsatsa da ɓarayi suka raba gadonsu. Darasin da aka shirya don hannu ya koma zanen zarto a allo, yara suna kwafa.

A 2011 aka sake zuwa da darussan sana'a har 34 a babbar sakandare, aka ce kowane yaro ya ɗauki ɗaya. Makarantu da yawa suka zaɓi wanda za a iya yi da alli kaɗai. A 2025 kuma aka rage su zuwa 6, cikinsu har da haɗa wutar sola, da ɗinki, da kiwo, da gyaran waya da kwamfuta. Ba mu ƙi jerin ba. Amma tarihi na shekara fiye da ɗari ya koya mana abu guda: sake jerin darussa a takarda ba ya sake abin da a ke yi a aji. Kuma muddin aka ware amfani aka ba shi darasi guda a mako, aka bar lissafi da kimiyya da harshe suna yawo a sama, to, an koma gidan jiya.

GA MISALI

Don kada a ce muna magana a iska, ga irin tambayoyin da mu ke nufi, kuma ba wadda ke bukatar injin daga Turai.

Mutum ya rasu ya bar naira 2,400,000, da mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Nawa kowa zai samu? Sai yaro ya fitar da ɗaya bisa takwas na matar, 300,000, da ɗaya bisa shida na mahaifiya, 400,000, ya raba ragowar 1,700,000 gida biyar, kowane namiji ya ɗauki 680,000, mace 340,000. Wannan lissafin kaso ne tsantsa, irin wanda ke kayar da yara a jarrabawa kowace shekara, kuma malaman zaure sun daɗe suna koyar da shi. Haka zakkar hatsi, ɗaya bisa goma ga noman damina, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. Me ya hana malamin lissafi ya fara daga nan?

Manomi ya je kasuwa ya tarar da taki iri biyu, kowanne buhu mai kilo 50. Ɗaya an rubuta masa 15-15-15, ɗaya kuma yuriya ce mai kashi 46 cikin 100. Wanne ya fi yawan sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore? Yaro ya lissafa ya ga na farko yana da kilo 7.5, na biyu kilo 23. Sa'an nan a aike shi kasuwa ya tambayo farashin ranar, ya faɗi nawa kilo ɗaya na sinadarin ya kama a kowane buhu, ya kuma bayyana abin da ya sa duk da haka manomi ba zai dogara da yuriya kaɗai ba. In an shuka masara da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da 25 tsakanin tushe da tushe, tushe nawa hekta ɗaya za ta ɗauka? Amsa ita ce wajen 53,000, kuma yaron da ya nemo ta da kansa ba zai sake mance cewa hekta murabba'in mita 10,000 ce ba.

Ɗakin aji mai rufin kwano, tsawo mita 10, faɗi mita 8. An yi ruwan sama na milimita 20 da dare. In da an sa indararo an tara, lita nawa za a samu? Lita 1,600, watau jarka 64 mai cin lita 25. Sai yara su tambayi mai ruwa kuɗin jarka a unguwarsu, su faɗa wa hedimasta nawa makarantar ke zubarwa a ƙasa kowace damina.

Mai gida yana da fanka mai cin wat 60 da ya ke so ta yi awa 8, da ƙwan lantarki 4 masu cin wat 10 kowanne na awa 6. Mai shago ya ce batir mai bolt 12 da amfiya 100 zai ishe shi. Gaskiya ne? Bukatarsa ta kai 720, batirin a cike yana ɗauke da 1,200, amma irin batirin nan na ruwa in ana zuƙe fiye da rabinsa kullum ba ya daɗewa, saboda haka abin da ke hannu 600 ne, bai isa ba. Yaron da ya iya wannan ya san kimiyyar lantarki fiye da wanda ya haddace ma'anarta, kuma ba mai sayar wa ubansa abin da ba zai yi aiki ba.

Harshe ma haka. Maimakon a ce yara su rubuta labarin yadda suka yi hutu a wurin da ba su taɓa zuwa ba, a sa su rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takarda a kan rijiyar burtsatsen da ta lalace, da Hausa da Turanci, da kwanan watan da ta lalace da yawan gidajen da ke sha, a gyara ta sau uku har ta tsaya, sa'an nan a kai ta ofis da gaske.

BA WASA BA NE

Wani zai ce wannan duk ƙawa ce. To, a tuna da Zamfara a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum. Dalili shi ne dutsen zinariyar da a ke niƙawa cikin gidaje yana haɗe da dalma, ƙurar ta shiga ƙasa da abinci da hannun yara masu rarrafe. Mun sani talauci ne ya kai mutane ga aikin, kuma makaranta kaɗai ba za ta hana ba. Amma dalma tana cikin littafin kimiyya na sakandare, da alamarta da nauyinta, yara suna haddacewa don jarrabawa. Abin da bai zo a darasin ba shi ne cewa ƙurarta tana kashe jariri.

A tuna kuma da 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har Gwamnatin Kaduna ta sa dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Kowane ɗan sakandare an sa shi zana yadda ƙwai ke zama tsutsa, tsutsa ta zama malam-buɗe-littafi. Nawa ne aka kai gonar tumatir aka ce su buɗe ganye su ga tsutsar tana ci daga ciki, su gane abin da ya sa feshin da ke tsayawa a bayan ganye ba ya kai mata?

Kuma kada a ce 'ya'yanmu ba za su iya karatu mai wuya ba. Da Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ta ɗebo yara ta hanyar jarrabawa, da yawansu 'ya'yan manoma, ta ba su ɗakin gwaji da malamai da aiki tuƙuru. Yau ku shiga asibitoci da jami'o'in Arewa ku ƙirga likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Ƙwaƙwalwa ba ta san gidan sarauta ba. Abin tambaya shi ne don me abin da aka yi wa 'yan kaɗan ya gagara yi wa sauran.

ABIN DA MU KE NEMA

Na farko, a gyara jarrabawa. Malami ba mahaukaci ba ne, abin da za a tambayi yaransa shi zai koyar. Muddin tambaya ita ce kawo ma'anar kaza, lissafa iri biyar na kaza, to, hadda za a yi, kuma satar amsa za ta ci gaba, gama abin da aka haddace shi ke shiga 'yar takarda a ɓoye cikin safa. Jarrabawar gama ƙaramar sakandare a makarantun jiha tana hannun jihohi, ba sai an jira Abuja ba. Kowace jiha tana iya cewa daga baɗi wani kaso na makin zai fito daga aikin da yaro ya auna, ya lissafa, ya kuma bayyana da bakinsa a gaban mai dubawa daga wata makaranta.

Na biyu, a gyara malami kafin a zarge shi. A 2017 Gwamnatin Kaduna ta gwada malaman firamare wajen 33,000, ta ce 21,780 ba su ci ba. Abin kunya ne, amma kunyar ba tasu kaɗai ba ce. Wa ya ba su takardar shaida? Wa ya ɗauke su aiki? Malamin da shi kansa da hadda aka koyar da shi ba zai ba da abin da ba shi da shi ba. Tilas kwalejojin horon malamai su sa kowane ɗalibi ya shirya darasi daga gona ko kasuwa ko asibiti, ya koyar da shi a gaban yara, kafin a ba shi shaida. Waɗanda ke bakin aiki kuma a riƙa tara su lokacin hutu, a biya su kuɗin mota da na abinci.

Na uku, a buɗe ƙofar makaranta ga masu sana'ar gari. A kowane gari akwai birkila da ya san yadda a ke fitar da kusurwa da igiya ta awo 3 da 4 da 5, da tela mai yanka yadi ba asara, da malamin gona, da ma'aikaciyar asibiti da za ta nuna yadda a ke haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. A gayyace su, a ba su ɗan abin goro, su nuna yadda a ke yi, malami kuma ya bayyana dalilin da ya sa a ke yi haka. Gwani yana da yadda, malami yana da don me, yaro yana bukatar duka biyu.

Na huɗu, a daina sayen manyan injuna don a ɗauki hoto. A fara da tef ɗin awo, da sikeli, da ma'aunin zafi, da ma'aunin ruwan sama, da madubin ƙara girma, da fili kaɗan na gwaji a bayan aji. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilmin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha ganin kuɗin nan suna kwance shekara da shekaru don wasu jihohi sun ƙi kawowa. Wanda ya bar kuɗi kwance ba shi da bakin cewa ba kuɗin sayen sikeli.

Na biyar, a rage cunkoso. Malami ɗaya ba zai duba aikin yara ɗari ba, ko da waliyyi ne. Inda aji ya cika haka ba abin da ya rage masa sai ya rubuta a allo ya ce a kwafa.

Ku kuma iyaye, akwai naku. Ku daina tambayar yaro ko na nawa ya zo kaɗai, ku tambaye shi me ya iya. Ku ba shi takardar kuɗin wuta ya duba, ku ba shi takardar maganin feshi ya karanta ya faɗi murfi nawa a ke zubawa a tanki. In malami ya ba shi aiki mai wuya ya dawo yana ƙunƙuni, kada ku tafi makaranta da faɗa, ku tafi da godiya. In kuwa shekara ta zagayo ba a taɓa fitar da su daga aji sun auna ko da faɗin filin ƙwallo ba, ku tashi a taron iyaye da malamai ku tambayi dalili, kuma in masu neman ƙuri'a sun zo ƙofarku, ku yi musu wannan tambayar kafin su buɗe jaka.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaran da ke aji ɗaya yau su ne za su auna mana magani, su gina mana gada, su raba mana gado nan da shekara ashirin. In mun bar su da karatun da ba ya ƙetare ƙofar aji, mu ne za mu sha maganin, mu ne za mu hau gadar. Allah ya ba mu ikon gyarawa tun da sauran lokaci.